Awara da madarar waken suya sun ishi ƙashina kuwa?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar makaranta ce a Zariya, shekaruna 53, haila ta ɗauke min shekara biyu ke nan. Bara mahaifiyarmu ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, har yau sai an kama ta take miƙewa. Likitan da ya duba ta ya ce ƙashinta ya daɗe da yin rauni, ya kuma ce mu 'ya'yanta mata mu kula da kalsiyam tun yanzu. Ni kuma madara ba ta karɓe ni ba, ko cokali biyu na zuba a shayi sai cikina ya kumbura ya yi ta ƙugi, wani lokacin har da gudawa. Sai na koma waken suya, don an turo mana a WhatsApp cewa ya fi madarar shanu komai da komai. Kullum ina haɗa madararsa a gida, awara kuwa ba ta yanke mana. Ɗiyata da ke aiki a Abuja ta ce wannan bai isa ba, shi ne take aiko min da ta kwali wadda aka ce an ƙara wa kalsiyam, ga ta da tsada. Malam kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, waken suya dai waken suya ne, wai abin da kamfani ya barbaɗa jiki ba ya karɓa, fitsarar da shi ake yi. Har sun ɗan sami saɓani a waya. Na je an gwada jinina an ce kalsiyam ɗina daidai yake, amma gwiwoyina suna ciwo. Ina shan omeprazole saboda olsa, da ƙwayar ƙarin jini. Don Allah wa ke da gaskiya a cikinsu, kuma me zan yi kada in bi sahun Inna?

Wata malama daga Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Ɗiyarki ta fi kusa da gaskiya. Madarar da kike haɗawa a gida da awarar da kuke ci abinci ne masu kyau, suna ba ki furotin mai inganci da kuɗi kaɗan, kuma ba zan ce ki bar su ba. Amma kalsiyam ɗin da ke cikinsu kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya tsaya a matsayin madarar shanu ba. Wanda aka ƙara wa ta kwali kuwa jiki yana karɓa, an auna a jikin mutane an gani. Inda Malam yake da hujja shi ne ba kowane kwali ne ya ci kuɗinsa ba, kuma ko mai kyaun, yadda yawancin mutane suke shan sa, babban kaso na abin da suka biya yana tafiya bola tare da kwalin.

Mace mai shekarunki ana so ta samu wajen miligiram 1200 na kalsiyam a rana, kafin ta kai hamsin kuwa 1000 ne. Ƙarin ya zo ne saboda idan haila ta ɗauke sinadarin jikin mace da ake kira isturojin yana ja da baya, ƙashi ya shiga zubewa da sauri musamman a shekarun farko, wato daidai inda kike yanzu, hanji kuma ya rage ƙarfin jan kalsiyam daga abinci. Kofi ɗaya na madarar shanu, mililita 250, yana ɗauke da kusan miligiram 300. Daga ciki jiki yana ɗaukar wajen kashi 30 cikin 100 ne kawai, sauran ya wuce ta bayan gida. Haka lamarin yake ga kowa, kuma da sanin hakan aka yi lissafin 1200 ɗin. Saboda haka idan Malam ya ce jiki ba ya karɓar duka, gaskiya ya faɗa, sai dai madarar shanun ma ba ya karɓar ta duka. Abin dubawa shi ne ko na kwali ya kai na shanu shiga jiki ko bai kai ba.

Mu fara da tukunyarki. Busasshen waken suya yana da kalsiyam, wajen miligiram 270 a giram 100, kuma irin wannan adadin ne masu turo saƙo suke gani su ce ya fi madara. Amma ki tuna yadda kike yi. Ki jiƙa gwangwani ɗaya, a markaɗo, ki zuba ruwa ninki bakwai ko goma, ki tace da ƙyalle, dusar ta tafi wurin awaki da nata kason. Abin da ya rage a kofinki da wuya ya wuce miligiram 60, sau da yawa ma bai kai haka ba, musamman idan an tsinka ta don ta ishi kowa a gida. Sai kin sha kofi biyar ko fiye kafin ki kama kofi ɗaya na madarar shanu. Ga kuma sinadarin fitet da ke cikin wake da hatsi, wanda yake riƙe wani ɓangare na kalsiyam ya hana hanji ɗauka.

Maganar awara ta fi ba ni takaici, domin saura ƙiris ta zama abin da kike nema. Ki tsaya kusa da mai yin ta ki gani. Madarar waken tana tafasowa ta rage wuta, ta ɗebo ruwan tsami, wanda aka tsiyaye daga gasarar koko, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana juyawa a hankali, har farar madarar ta tsinke, gudaji su taso sama, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya ware gefe. Ta kwashe a ƙyalle ta ɗaure, ta ɗora dutse ko turmi ya tsane. Wasu tsamiya suke sawa, wasu lemon tsami, wasu alimun. Duk cikinsu babu wanda yake ƙara kalsiyam ɗin kirki, kuma tsami yana narkar da wani kaso na wanda waken ya zo da shi, ya bi wancan ruwan da ake zubarwa. Alimun ɗin ma ni ban so a riƙa ci kullum ba, sinadarin alminiyam ne a cikinsa, babu abin da ƙashi zai ƙaru da shi.

Awarar da kike karantawa ana yabo a rubuce-rubucen ƙasashen waje daban take. A Sin sun daɗe suna kama tasu da kalsiyam salfet, wani farin gari da ba shi da ɗanɗano. Shi wannan garin yana shiga cikin gudajin ya zauna, shi ya sa giram 100 na irin wannan awarar yake ɗauke da miligiram 200 zuwa 350, wani lokacin fiye. An gwada ta a jikin mata a Amurka aka ga jiki yana ɗaukar kalsiyam ɗinta kusan daidai da na madara. Wake ɗaya ne, suna ɗaya, abin da aka kama ta da shi ne ya raba su. Wanda ya ɗauko adadin waccan ya liƙa wa awarar bakin layi ya ruɗi mutane, ko da bai yi niyya ba.

Yanzu kwalin da ɗiyarki take aikowa. Kada ki tsaya a gabansa inda aka zana kofi da ganye, ki juya baya. Da farko ki tabbatar kalsiyam ne aka ƙara. A Najeriya dokar ƙara sinadarai a abinci ta shafi bitamin A a fulawa da sukari da man girki, da aidin a gishiri, da sinadarin ƙarin jini a fulawa. Alamar idon nan da kike gani a jikin buhu ko galan ta bitamin A ce. Kalsiyam ba ya cikin abin da aka wajabta, don haka kamfani zai iya rubuta cewa ya inganta kayansa alhali wasu bitamin ya zuba. Yawancin masu zaƙin nan na kwalba da yara suke so, sukarinsu ya fi komai yawa. Ki nemi layin kalsiyam a jadawalin bayan kwalin, abin da kike so ki gani shi ne wajen miligiram 120 a kowace mililita 100, wato daidai da madarar shanu. Ki bar lissafin kashi cikin ɗari da suke sawa a gefe, domin kowace ƙasa da ma'aunin da take ɗora shi a kai.

Daga nan ki sauka jerin kayan haɗi. Iri biyu aka fi zubawa, kuma da Turanci za ki gan su: calcium carbonate da tricalcium phosphate. A shekarar 2000 Robert Heaney da abokan aikinsa a Jami'ar Creighton ta Amurka sun ba mutane madarar waken suya mai nau'i na biyun, suka ga abin da ya shiga jiki kashi 75 cikin 100 ne na abin da yake shiga daga madarar shanu. A 2005 kuma masu bincike a Jami'ar Purdue, ƙarƙashin Connie Weaver, suka gwada iri biyun a jikin mata matasa. Mai kabonet ta yi kai ɗaya da madarar shanu, mai fosfet ta gaza. Wannan ita ce amsar maganar Malam, kuma awo ne da aka yi a jikin mutane. Idan kina da zaɓi, mai kabonet za ki ɗauka. Idan mai fosfet ce kaɗai a kanti ba asara ba ce, kofi huɗu nata suna aikin kofi uku na shanu.

Sai abin da na fi so ki riƙe a duk wannan amsar, domin ba ya cin ko kwabo. Kalsiyam ɗin madarar shanu a haɗe yake da furotin ɗinta, a warwatse cikin ruwan, ba ya zama. Na kwali gari ne da aka zuba, ba ya narkewa, kuma kwalin ya yi makonni ko watanni a tsaye a sito da kanti da mota. Yana kwanciya a ƙasa kamar yadda gasara take kwanciya a ƙasan roba ta bar ruwa garau a sama. Heaney ɗin nan ya koma kan wannan, ya sayo madarar waken suya iri-iri daga kanti ya auna. Waɗanda aka tsiyaya ba a girgiza ba, abin da ya fito bai kai kashi ɗaya cikin uku na adadin da aka rubuta ba. Waɗanda aka girgiza kuwa, sun tsaya a wajen kashi 60 cikin 100. Sauran yana manne a gindin kwali.

Ki gwada da kanki. Idan kwalin da ke hannunki ya ƙare, ki sa almakashi ki yanke shi ta tsakiya, ki shafa yatsa a ƙasansa da kusurwoyinsa. Idan kin ji wani farin abu mai kauri da ɗan tsakuwa-tsakuwa, kuɗin ɗiyarki ke nan. Daga yau, kafin ki buɗe sabo ki kifa shi kansa a ƙasa na ɗan lokaci, ki girgiza da ƙarfi har ki daina jin nauyi a gindin, kuma ki sake girgizawa duk sanda za ki zuba, ba ranar farko kaɗai ba. Idan ya ƙare ki zuba ruwa kaɗan ki ɗauraye ki juye a koko. Kuma tunda wutar lantarki ba tabbas, ki ce mata ƙananan kwalaye sun fi, domin babba idan an buɗe shi babu firji ba ya kwana lafiya a zafin nan.

Yadda kike sha ma yana da tasiri. Hanji ya fi ɗaukar kalsiyam idan ya zo masa kaɗan-kaɗan. Da zarar abin da aka sha a zama ɗaya ya haura miligiram 500, kason da yake shiga sai ya ragu. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da dare, ya fi kofi biyu a tashi ɗaya. Da azumi sai ki raba tsakanin sahur da bayan buɗa baki.

Omeprazole ɗin da kika ambata ya sa dole in ƙara miki sharaɗi. Kalsiyam kabonet yana son tsamin ciki kafin ya narke, shi kuma maganin aikinsa ke nan ya rage wannan tsamin. Idan kika sha shi da wofin ciki abin da zai shiga ya ragu, amma tare da abinci yana shiga yadda ya kamata. To ki daina shan madarar ita kaɗai tsakanin darasi da darasi, ki haɗa ta da karin kumallo ko tuwon dare. Ki kuma tambayi likitanki ko har yanzu kina buƙatar omeprazole kullum. Mutane da yawa an rubuta musu na 'yan makonni ne suka ci gaba da saye a kemis shekara da shekaru, kuma daɗewa a kansa yana da alaƙa da ƙaruwar karaya. Kada ki yanke shi da kanki, amma ki tayar da maganar. Ƙwayar ƙarin jini kuwa ba ta shiri da kalsiyam, idan suka haɗu a ciki yana rage mata shiga. Ki sa aƙalla awa biyu tsakaninsu. Haka ma idan an taɓa rubuta miki ciprofloxacin ko doxycycline ko maganin maƙoƙo levothyroxine, ki faɗa wa mai ba da magani kina shan abu mai kalsiyam, zai gaya miki tazarar da za ki bari.

Gwajin jinin da aka yi miki kada ya kwantar miki da hankali, kada kuma ya tayar. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙori. Ɗan abin da ke cikin jini zuciya da jijiyoyi suna aiki da shi, don haka jiki ba ya yarda ya sauka. Akwai wasu ƙananan ƙulalai huɗu a wuya, kusa da maƙogwaro, da zarar sun ji ya yi ƙasa sai su saki sinadarin da zai ciro shi daga ƙashi ya cike. Mace za ta yi shekara ashirin ƙashinta yana raguwa, jininta yana nuna daidai a kowane gwaji. Da an gwada Inna mako ɗaya kafin ta faɗi, mai yiwuwa haka za a ce mata. Abin da yake nuna halin ƙashi shi ne awon kaurinsa da na'urar da ake kira DEXA, ana samun ta a wasu manyan asibitoci. Karayar ƙugu a wurin uwa tana cikin abubuwan da likitoci suke lissafawa idan suna auna haɗarin 'ya, saboda haka ki faɗe ta da bakinki duk sanda kika ga likita, ko bai tambaya ba.

Ciwon gwiwa kuma wata magana ce daban. Raunin ƙashi ba ya ciwo sai ya karye, shi ya sa yake yi wa mutane ba-zata. Gwiwa mai ciwo a shekarunki galibi guringuntsi ne ya sude, kuma kalsiyam ba ya gyara wannan. Na faɗa ne don kada ki sha wata uku ki ga gwiwa ba ta daina ba ki ce Malam ya yi gaskiya. Abin da nake roƙon ki a nan shi ne ki guji haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda a kemis ko a tasha. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Suna kashe ciwo nan take, amma shan su na tsawon lokaci yana cikin manyan abubuwan da suke cinye ƙashi, ga shi suna tayar da olsa.

Kalsiyam ba ya ratsa hanji yadda ya kamata sai da bitamin D, wanda fata take haɗawa idan rana ta taɓa ta. Muna da rana har ta yi yawa, amma mace da take fita da hijabi har ƙasa, ta wuni a aji, ta dawo ta shige ɗaki, za ta iya rasa shi. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara, fatar manya kuma ba ta haɗa shi kamar ta yara. Ba sai kin sauya suturarki ba. Tsakar gidanki ta isa: ki zauna da hantsi hannuwa da ƙafafuwa a buɗe, minti 20 zuwa 30, kina tsintar shinkafa ko duba takardun ɗalibai. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta wannan aikin.

Sai dai a ƙasar nan abin da ya fi ƙaranci shi ne kalsiyam ɗin kansa. A Jos, Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa sun bi yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe ko suka yi gwame, suka tarar abin da suke samu a abinci wajen miligiram 200 ne kawai a rana. Sakamakon da suka fitar a 1999 ya nuna waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Daga baya sun gwada garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙashinsa, shi ma ya yi aiki. Tuwon masara da shinkafa da ɗan miya, abincin gidaje da yawa ke nan, kuma babu kalsiyam ɗin kirki a ciki. Ina zargin ke ma kin yi nisa da 1200, har da awarar.

Ba na so ki ɗauka sai da kwalin Abuja za ki tsira. Ki sake gwada nono, amma mai tsami. Abin da yake kumbura miki ciki sukarin madara ne, wanda hanjin yawancin manya a duniya ba ya iya narkarwa sosai, in ban da al'ummomin da suka gaji kiwo irin Fulani, da yawansu suna riƙe wannan ƙarfin har tsufa. A kindirmo da yogot ƙwayoyin da suka sa shi tsami sun riga sun cinye wani ɓangare na sukarin, suna kuma taya hanji narkar da sauran. Cuku ma sukarinsa kaɗan ne. Ki fara da rabin kofi na kindirmo tare da abinci, wanda kika tabbatar an dafa madararsa kafin a ɗora, ki ga yadda cikinki zai yi. Mata da yawa da suka haƙura da madara suna shan fura da nono lafiya lau. Idan ya karɓe ki, kofi ɗaya ya ba ki abin da kofin kwalin zai ba ki, kuma ba ya buƙatar girgiza.

Miyar kuka da wasu suke rainawa tana cikin abin da ya riƙe ƙashin kakanninmu. Busasshen ganyen kuka yana da fiye da miligiram 1000 a giram 100, babban cokali ɗaya na garin zai ba ki wajen 100. Ba mai yawa ba ne a zama ɗaya, amma abu ne da ake ci kusan kullum, sai ki sa hannu sosai wurin kaɗawa. Tamba, wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, tana da wajen miligiram 340 a giram 100, ta ninka dawa sau goma da ɗoriya. Ki jiƙa ta ta kwana ta ɗan yi tsami kafin a niƙa, jiƙon yana rage fitet, ki dama kununta da madarar waken ki. Ƙananan busassun kifi ki daka su har ƙashi ki zuba a miya, kifin gwangwani kuma kada ki zare ƙashin nan mai laushi na tsakiya, gwangwani ɗaya da ƙashinsa ya kusa kofin madara. Ganye kuwa ba duka suke ba da abin da suke ɗauke da shi ba. Alayyafon Turawa an auna shi, kashi 5 cikin 100 kawai yake shiga jiki, saboda sinadarin okzalet da yake ɗaure kalsiyam ɗin. Namu alayyafon da yakuwa su ma suna da okzalet da yawa, zogale ma yana da nasa. Ki ci su don sauran amfaninsu, amma kada ki ɗora lissafin ƙashinki a kansu.

Gishiri da magi ki sassauta, domin yawan gishiri yana fitar da kalsiyam ta fitsari, kuma a nan ne maganar fitsarin Malam take da gindi. Kanwa ba madadi ba ce, mafi yawanta sodiyam ne, dangin gishiri. Farar ƙasa kuwa kada ki kusance ta ko wa ya ce miki tana gina ƙashi. A 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irinta da ake kaiwa can daga Afirka ta Yamma, saboda an sami dalma da arsenik a ciki, dukkansu guba ne.

Akwai kuma hanyar da nake ganin za ta raba gardamar gidanku. Abin da kamfani yake zubawa a kwalin nan shi ne dai abin da ke cikin ƙwayar kalsiyam ta kantin magani. Ƙwaya mai miligiram 1250 na kalsiyam kabonet tana ba da 500 na kalsiyam tsantsa, domin kashi 40 cikin 100 ne nasa. Ƙwaya ɗaya tare da tuwon dare, da kofin madararki ta gida da safe, sun fi kofi ɗaya na kwali, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar nasa ba. Saboda omeprazole likita zai iya zaɓa miki kalsiyam sitiret, wanda ba ya jiran tsamin ciki, ko da yake ya fi tsada. Ki bari shi ya yanke, musamman idan kin taɓa yin tsakuwar ƙoda. Ƙwaya ta cike giɓin da abinci ya bari ne kawai, kuma jimillar abinci da ƙwaya kada ta haura miligiram 2000 a rana, yawansa yana kawo taurin bayan gida da tsakuwa. Ki haɗa da tafiya a ƙasa kullum, ko zuwa makaranta ne, domin ƙashin da ba a ɗora wa nauyi ba ya riƙe abin da aka ba shi.

Ga Malam, kada ki je masa da cewa an ce bai yi daidai ba. Ki kira shi ranar da za ki yanke kwalin, ya sa yatsa da kansa, ki nuna masa layin miligiram ɗin. Ya yi daidai da ya ƙi yarda da rubutun gaban kwali, kuma damuwarsa da kuɗin yarinya damuwar uba ce. Ita kuma ki gode mata sosai, tsoron da ya kama ki ranar da Inna ta faɗi ita ma ya kama ta, hanyar da ta samu ke nan ta yi wani abu daga nesa. Ki ce ta riƙa ɗauko miki hoton bayan kwali kafin ta saya, ta rage yawan, abin da ya ragu ta tara miki na awon DEXA. Ta kuma nemo miki kalsiyam salfet a wurin masu sayar da kayan haɗa burodi da kek a can, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na abinci ne. Na masu yin silin da POP ba na ci ba ne, kada a kawo miki shi. Giram 2 zuwa 3 ake sawa ga kowane giram 100 na busasshen wake, a dama shi da ruwa kaɗan, a sauke madarar ta ɗan huce daga tafasa, a zuba a juya sau biyu ko uku, a rufe minti 15 ba tare da an taɓa ba. Ki fara da gwangwani ɗaya tukuna, domin tana fitowa da laushi fiye da ta ruwan tsami, sai kin bar ta ƙarƙashin dutse ta ƙara daɗewa kafin ta yanku ta soyu.